Hoton Kunichika da na saya a Jimbocho

A unguwar Jimbocho ta birnin Tokiyo, inda shagunan tsofaffin littattafai suke a jere, akwai wani ɗan shago mai sayar da hotunan bugun katako, waɗanda Japanawa ke kira ukiyo-e. Can na sayi hoto ɗaya na Toyohara Kunichika, gwanin zana 'yan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan), wanda ya rayu daga 1835 zuwa 1900.

Ɗan wasan da ke jikin hoton sanye yake da kimono, amma kansa babu tukku, askin Turawa ne, ga laimar Turai a hannu. Bayan da mulkin Sarki Meiji na Japan ya kankama a 1868 ne kabuki ya fara kawo irin waɗannan mutane kan dandamali. Sai dai abin da ya tsayar da ni launin bayansa ne, ja jawur har yana ɗaukar ido. Kafin zamanin, daga wani fure da Japanawa ke kira beni ake samun ja, mai sanyi, mai saurin kodewa. Wannan kuwa rinin sinadari ne da aka shigo da shi daga Turai. Wasu masu tara hotuna na raina shi, wai ya cika ihu. Ni shi na biya wa kuɗi, domin a nan nake ganin Japan tana sauya kaya a gaban jama'a.

Mai shagon ya juya mini takardar, ya ɗaga ta ga fitila. A bayanta ana ganin sawun baren, faifan da mai bugu ke murzawa da hannu, kuma launi ya ratso har baya. Gashin goshin kuwa, sili-sili aka sassaƙa shi a katakon ceri. Na daɗe ina kallo da gilashin ƙara girma.

Ba a rasa aibi ba. Jan ya ɗan zuba a kusurwar ƙasa, alamar danshi ya taɓa shi, kuma falle ɗaya ne daga cikin uku da ake jerawa. Mai shagon da kansa ya nuna mini duka biyun kafin mu yi ciniki, wannan ya kwantar mini da hankali. Abin da ya ba ni wahala takardar bayanin, da Japananci kawai aka rubuta ta.

Ya sa mini hoton tsakanin kwali biyu, ya ja kunnena kada in rataye shi inda rana ke bugawa.