Man da ya dace da matsattsiyar fistol ta sitenles, da waɗanda ya kamata a bari a kanti

Duk wanda ya sayi fistol ta sitenles da aka haɗa ta matse, musamman samfurin 1911, akwai ranar da silaid, wato ƙarfen saman fistol mai zamewa gaba da baya, zai tsaya masa saura ƙiris ya rufe, sai ya sa babban yatsa ya ƙarasa tura shi. Nan take mutum zai ɗauka an sayar masa da mara kyau. Mafi yawan lokuta kuwa bushewa ce kawai. Maganar nan ta masu riƙe da irin wannan bindiga bisa doka ce a Amurka, inda ake gasar harbi ta USPSA da IDPA. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa.

Sitenles yana da wani hali da baƙin ƙarfe ba shi da shi sosai. Abin da ke hana shi tsatsa wata fata ce siririya da sinadarin kuromiyam ke yi a samansa, kuma irin da ake yawan yin silaid da gangar jiki (ƙasan fistol da silaid ke zamewa a kai) da shi, mai lamba 416, yana ɗauke da kuromiyam kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Idan ɓangare biyu masu tauri iri ɗaya suka yi ta gogar juna babu mai a tsakani, fatar nan sai ta saɓule, tsirarar ƙarfe ta haɗu da 'yar uwarta su manne kamar an yi musu walda, motsi na gaba kuma ya yage wurin. A kan layin da silaid ke gudu za ka ga dogon zane mai kaushi da 'yan ƙuraje na ƙarfe a gefensa, farce yana maƙalewa idan ka bi ta kai, tsumma kuma ya fito da ɓurɓushi mai ƙyalli. AMT Hardballer da aka fito da ita a 1977, wadda ita ce 1911 ta farko da aka yi gaba ɗaya da sitenles, ta yi ƙaurin suna a kan wannan. Daga baya masana'antu suka koyi bambanta taurin silaid da na gangar jiki, abin ya ragu, amma a bindigar da aka matse don daidaiton saiti bai ƙare ba.

Kafin ka kashe ko sisi a kan mai, tabbatar da cewa mai ne matsalar. Cire gidan harsashi, duba mazaunin harsashi da idonka ka ga babu komai, sannan ka kwance ta. Ajiye bututu da sifirin gefe, ka mayar da silaid shi kaɗai kan gangar jiki, ka tura da yatsa ɗaya. In yana tafiya sumul, ko da da ɗan nauyi, layukan lafiya suke. Daga nan sai ka saka harsashi cikin bututun da ke hannunka: ya kamata ya faɗa da kansa, in ka kifa ya fito da kansa. In ya ƙi, datti ne a mazauni ko harsashin ne bai dace ba. Saura ƙugiyar da ke fizgo kwanso, wadda in ta yi tsauri da yawa gindin harsashi ba ya iya shigewa ƙarƙashinta, da kuma sifirin. Sifirin mayar da silaid na 1911 mai bututu inci 5 da ke cin harsashin .45 ACP ƙarfinsa fam 16 ne a ƙa'ida, kuma yana gajiya bayan 'yan dubban harsasai. Sabuwar bindiga ma tana son a saba da ita. Kamfanin bindigogi na Kimber na ba da shawarar a harba harsashi kusan 500 kafin a yanke mata hukunci.

In duk waɗannan sun fita, to ma'aunina guda ne a gaba: shin man zai zauna a kan layi bayan bindiga ta yi zafi, kuma bayan ta kwana makonni a akwati? Ƙamshi da saukin fesawa da iya wanke baƙin albarushi duk suna baya.

A wannan ma'auni babu wanda ya kama ƙafar TW25B na kamfanin Mil-Comm a wurina. Giris ne fari, mai laushi ƙwarai, da ɓurɓushin PTFE, wata roba mai santsi, a ciki, kuma kamfanin SIG Sauer ya yi shekaru da dama yana saka ɗan ƙullinsa a akwatin sabbin bindigoginsa. Abin da ya sa nake son sa ga matsattsiyar bindiga shi ne ba shi da kauri. Giris mai nauyi yana cika 'yar tazarar da ke tsakanin silaid da gangar jiki, ya rage wa silaid gudu, ranar sanyi kuma ka samu irin maƙalewar da kake gudu tun farko. Wannan kuwa ana murza shi ne har ya kusa ɓacewa. Ka matso kamar ƙwayar shinkafa daga sirinjinsa, ka shafa a layi ɗaya da ɗan tsinke mai auduga, ka yi ta bi har farin ya koma hazo-hazo. Haka za ka yi wa ɗaya layin, da ramukan cikin silaid, da haƙoran da bututu ke kullewa da su, da saman bututun da ake gani ta tagar da kwanso ke fita, da zoben bakin bututu, da doron ƙarƙashin silaid da ke danne guduma. A kan sabuwar bindiga mai tsananin matsi ina ƙara ɗigon mai mara kauri guda a kowane layi, ya sassauta giris ɗin. Sai ka haɗa, ka ja silaid sau da yawa, ka goge abin da ya tsatso ta baya. Ramin allurar da ke dukan harsashi da mazauni da cikin gidan harsashi kuwa a bar su a bushe. Da tsada in aka kwatanta da girmansa, gaskiya, amma ƙaramin sirinji yana kai mutum nesa, kuma ka buɗe bindiga bayan yinin harbi a zafin Tekzas ka tarar da shi inda ka bar shi.

Slide-Glide na Brian Enos shi ne na biyu, in dai ka ɗauki nau'in Lite. Mai kaurin yana rage wa silaid gudu a sanyi. RIG +P an yi shi ne musamman don sitenles kuma yana aiki, sai dai ya fi danƙo da kama ƙura. Ultima-Lube II na Wilson Combat babu laifi. Lubriplate 130-A na doguwar bindigar M1 Garand ne, a bar mata kayanta. Man inji irin Mobil 1 yana yi, ga araha, amma yana gangarewa ya ɓata riga. Break-Free CLP na wanki ne da hana tsatsa, a kan layin sitenles sai ka yi ta ƙarawa. Rem Oil ba shi da kauri, kamar ruwa yake. Ballistol, duk da tarihinsa tun 1904 a Jamus, ya fi amfani ga katako da fata. FrogLube yana daskarewa ya yi danƙo in an cika shi. WD-40 don korar danshi aka ƙirƙiro shi a 1953, kada ya kusanci layin.

Dalilin da ya sa na ƙi sassauci a kan zaman mai shi ne abin da wani shago ya yi mini. Na kai bindiga a canza mata saiti, suka ce za su wanke ta kyauta. Suka jefa ta a injin wanki mai girgiza ruwa, wanda ke tsotse duk wani maiƙo har daga lungu, suka fesa mata wani abu mai sheƙi, suka gwada ta da harbi a bayan shago kafin su kira ni. Da na kwance ta a gida, layin hagu ya riga ya yage. Mai shagon ya ce ai haka sitenles yake, kuma ya yi tayin murza wurin da garin goge bawul. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago: garin yana cin ƙarfe ko'ina, ya kwance matsin da ka biya kuɗi dominsa, ragowar tsakuwarsa kuma ta nutse cikin ƙarfen ta ci gaba da ci. Wurin da ya yage, ƙwararre ne ke kwantar da ƙurajen kaɗai da lallausan dutse. Duk mai gyaran da ya ɗauko ƙaramin injin gurza ƙarfe na Dremel ko samfefa ya nufi layin bindigarka, karɓe kayanka.

Masu sayar da mai ma sai an yi hattara da su. A kasuwannin baje kolin bindigogi za ka ga teburi cike da sirinji marasa sunan kamfani, an rubuta nano ko na sojoji, kuɗinsu ninkin na gaske, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Wani giris ɗin mota ne aka ɗura. Suna da wata 'yar na'ura da suke murza ƙarfe a kan ƙarfe su nuna maka nasu bai ƙone ba. Gwajin nan yana auna jure matsi ne kawai, ba ya nuna ko man zai zauna wata guda ko zai daskare a sanyin Minesota. Ko sanannun sunaye ba su tsira daga ce-ce-ku-ce ba: a 2015 wani mai rubutu kan bindigogi ya wallafa gwajin ɗakin bincike da ya nuna man bindiga na FireClean ya yi kama da man girki, kamfanin ya musanta, ya kai shi kotu a 2016. Ni dai abin da na ɗauka daga rigimar shi ne, kamfanin da ba zai ba ka takardar bayanin sinadaran kayansa ba, kada ka ba shi kuɗinka.

Akwai kuma gidan harsashi na jabu mai tambarin Colt ko Wilson Combat da ke yawo a intanet kan rabin kuɗi. Leɓensa a karkace, sifirinsa lagwani, yana tura harsashi a gicciye silaid ya tsaya, kai kuma ka yi ta canza mai a banza. Saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, ka rubuta lamba a gindin kowanne don ka gane wanda ke kawo matsala.

Mafi muni shi ne mai sayar da tsohuwar bindiga da ya lafta baƙin giris mai kauri a layi don ya rufe yagewa. A hannu za ta ji santsi. Ka nemi a kwance ta a gabanka, ka goge layukan ƙarƙaf da farin tsumma, ka haska tocila a gicciye, ka bi da farce ciki da waje. In ya ƙi a kwance, ciniki ya mutu. In kuwa ka ga tsohon tabo da aka kwantar da kyau kuma kuɗin ya sauka sosai, ana iya saye, da sharaɗin ka sa kuɗin yi wa ɓangare ɗaya rufin kurom mai tauri ko DLC (rufin kabon mai kama da lu'ulu'u) a lissafi, domin da zarar taurin fuskokin biyu ya bambanta, mannewar tana raguwa ƙwarai.