Kafin ka sayi kifin ƙarya: wane ruwa za ka jefa shi?

Ƙanena ya dawo Maraɗi daga Kwatano da leda cike da kifayen ƙarya, irin waɗanda ake ɗaura wa ƙugiya a ja su a bayan jirgi. Washegari muka nufi tafkin Madarunfa. Wani dattijo masunci ya ɗauki babbar cikinsu, mai kai kamar kwalbar turare da geza shuɗiya da ruwan hoda, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ai kwalliyar amarya ce. Wane kifi ka ke zawarci?" Ƙanena ya ce, "Baba, tarwaɗa." Dariyar da aka yi har yau ana tuna masa.

Kayan ba su da aibu, wurinsu ne ba nan ba. Ga wanda zai saya, ko don kansa ko don ya aika wa ɗan'uwa da ke aikin su a bakin teku, ga yadda suke.

Mai geza an yi ta ne domin kamun kifin da ake kira tuna da sauran manyan kifayen tsakiyar teku, irin waɗanda ake saukewa a Tema, Abijan da Dakar. Kanta roba ce mai tauri ko ƙarfe, gezar tana rufe ƙugiya, tana kwaikwayon halittun da tuna ke farauta. Ba ta aiki sai jirgi mai inji na gudu, kamar kilomita 11 zuwa 16 a awa, ta riƙa nutsewa tana tasowa tana barin kumfa a bayanta. Mai faffaɗan goshi ta fi tada kumfa, mai tsinin kai kuma ta fi jure gudu da igiyar ruwa. A kwale-kwalen da ake tuƙawa da gora, tsumma ce kawai.

Akwai kuma guntun itace mai kan dalma, siffarsa kamar harsashi. Ba shi da kyan gani, ba shi da tsada, amma masu kamun tuna sun daɗe suna yabonsa. Shi ma na teku ne.

Mai leɓe ita ce na fi so a tsaya a duba. Kifi ce sak, da ido da ɓawo, sai wani leɓe a ƙarƙashin baki. Leɓen ne ke sa ta nutse tana kaɗa jiki kamar kifin da ya ji ciwo, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon zurfin da za ta kai. Sanannen suna a nan shi ne Rapala, wanda wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya fara sassaƙawa da hannu a 1936. Manya na teku ne, amma matsakaita suna kama giwan ruwa a kogin Kwara, wajajen Gaya ko Kainji, domin giwan ruwa mafarauci ne, da ido yake bin abinci. Sai dai a ruwa mara zurfi mai ciyawa, dogon leɓe zai kai ta ƙasa ta maƙale a saiwa, ka yi asarar kuɗinka tun jifan farko. Ɗauki mai gajeren leɓe.

Cokali, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai walƙiya, ya fi duka araha da ƙarko. Tsage na kai masa cafka. Amma haƙoran tsage reza ne, dole ka sa guntuwar waya tsakanin cokali da zare.

Kowace ka zaɓa, kada fenti ya ruɗe ka. Ja ƙugiyar a kan farcenka: in ta zame ba ta kama ba, dakusassa ce. Matsa zoben da ya riƙe ta, in ya buɗe da yatsa, babban kifi zai miƙe shi. Jabu sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, sai an jiƙa a ga ruwa ya shiga cikinta tana iyo a karkace. In mai kaya ya yarda, a sa ta a bokitin ruwa a gani. Na teku kuwa sai ƙarfe mara tsatsa, gishiri ba ya raga wa ƙugiyar banza.

To, mu da ke Maraɗi fa? Ruwan Madarunfa da na Gulbi, in damina ta kawo shi, jawur yake da laka. Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, ƙamshi take bi, ba launi ba. Karfasa kuwa ganye da gansakuka ne rabin cimarta. Abin da zai yi maka amfani shi ne ƙananan ƙugiyoyi masu kaifi, zare mai ƙwari, 'yar dalma, sai tana ko hanjin kaza.

Dattijon nan bai mayar da mai gezar ba. Ya roƙe ta, ƙanena ya cire ƙugiyar ya ba shi, yanzu tana rataye a wuyan tunkiyar jikarsa.