Kafin ka zube kuɗinka a kan jitar bes

Ana cikin shigowa da amarya a wani ɗakin taro a Kaduna, mai gabatarwa na ta zuba kirari, mata na guɗa, sai sautin jitata ta bes, wato jita mai kakkaurar murya, ya fara karkarwa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Kafin amarya ta kai kujera ya ɗauke ɗif. Mai fiyano ya harare ni, ya sa hannun hagu ya cike gurbina, ni kuwa ina durƙushe bayan lasifika ina neman sukundireba. Laifin nawa ne. Jitar mai batir ce, kuma na bar waya a soke a jikinta tun daren jiya, alhali irin wannan jita muddin waya na ciki to batir na ci, ko ana kiɗa ko ba a yi. A ranar na rasa liƙi, na kuma kusa rasa band ɗin gaba ɗaya.

Shi ya sa idan yaro ya zo ya ce mini, "Yaya, wace bes zan saya?" sai in fara tambayarsa inda zai riƙa kiɗa, da abin da zai riƙa hawa zuwa wurin. Wanda zai yi biki yau, coci gobe, otal jibi, yana cusa kaya a a-daidaita-sahu, buƙatarsa daban da ta mai zama a sutudiyo cikin sanyin AC. Kuma kuɗin da ya tara ba na jita kaɗai ba ne. Akwai amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, akwatin DI mai kai sautin ga na'urar mai sauti, wayoyin jonawa, jaka da tsirkiya, kuma waɗannan ne suka fi kunyata mutum a bainar jama'a.

Kusan duk bes ɗin da za ka gani a shago jikokin samfuri uku ne. Na farko Precision, wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951. A 1957 aka canja mata fikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sauti, aka raba shi gida biyu, kuma wannan rabin ne ke kashe ƙugin lantarki. Maɓallanta biyu ne kacal, na ƙara da na laushi. Sautinta kauri gare shi, yana zama daram a ƙarƙashin ganga ba ya rigima da kowa. Da ita shahararren makaɗin bes James Jamerson ya yi yawancin aikinsa a kamfanin waƙoƙi na Motown a Amurka. Wuyanta ya ɗan fi faɗi, mai ƙananan yatsu zai ji a jikinsa a makonnin farko.

Ta biyu Jazz, ta 1960. Wuyanta siriri ne, inci ɗaya da rabi a can sama, fikof biyu gare ta kowanne da maɓallinsa, don haka kana iya juya sauti daga mai taushi zuwa mai kaifi. Aston Barrett na Wailers, band ɗin Bob Marley, da irinta ya riƙa kiɗa, Jaco Pastorius ma haka, sai dai shi tasa ba ta da ƙarafunan nan da ake jerawa a wuyan jita suna raba gurabe. Amma ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: idan ka buɗe fikof ɗaya ka rage ɗayan, tana jawo ƙugi. A gidan da aka ja waya da kyau ƙugin kaɗan ne. A rumfar biki, inda fitilu masu walƙiya da firji da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, duk suke rataye a kan janareta ɗaya, sai ka ji kamar an saki ƙudan zuma a lasifika. Maganinsa ka buɗe su biyun daidai wa daida, wanda ke nufin rabin abin da ka saye ta dominsa ya tafi.

Ta uku StingRay ta kamfanin Music Man, ta 1976, wadda ta yayata tsarin sa batir mai bolt 9 a cikin jita don ƙara wa sauti ƙarfi da kaifi. Masu dukan tsirkiya da babban yatsa suna sonta ƙwarai. Ban ƙi mai batir ba, har yanzu ina da ɗaya. Abin da nake cewa shi ne idan za ka saya, nemi wadda take da maɓallin mayar da ita marar batir, kuma wadda murfin batirinta ake buɗewa da farce ba sai da sukundireba ba. Sire ta makaɗi Marcus Miller samfurin V7 tana da wannan maɓalli, wasu daga cikin Yamaha TRBX na sama ma suna da shi.

Ni dai idan jita ɗaya tak mutum zai mallaka, wadda ake kira PJ nake nuna masa: fikof ɗin Precision a tsakiya, na Jazz kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a gindin jita, babu batir. Yamaha TRBX174 haka take, kuma Squier, wanda shi ne reshen Fender mai sauƙin kuɗi, yana yin irinta. Ibanez GSR200 ma PJ ce, wuyanta siriri, ba ta da nauyi, amma tana ɗauke da batir. Cort ma ba ta da laifi. A wannan mataki bambancin kamfani da kamfani bai kai bambancin jita da jita ba. Biyu za su fito daga kwali ɗaya, ɗaya ta zauna a hannu, ɗaya ta ƙi. Sannan a kiyayi jabu. Idan ka ga an rubuta Fender a kai amma kuɗinta bai kai na Squier ba, ba arha ka samu ba. Gara Yamaha ta gaske da Fender ta ƙarya.

Sai batun tsirkiya huɗu ko biyar, wanda matasa ke ta musu a kai. Mai huɗu tana sauka zuwa muryar E, wajen 41 Hz (ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba ta fi kauri). Ta biyar ɗin tana ƙara B na ƙasa, wajen 31 Hz. Idan a coci za ka fi yin kiɗa, a Jos ko Kafanchan ko Sabon Gari, mai biyar na da amfani na gaske, domin masu fiyano na son E-flat da D-flat, muryoyin da ke ƙasa da E, kuma mawaƙiya na iya sauke waƙa ba sanarwa. Da mai huɗu sai ka haura sama, ƙasan waƙar ya zama fayau. Richard Bona na Kamaru da mai biyar aka fi saninsa. To amma B na jita mai arha sau da yawa lakwab take, ba ta fita sosai, kuma yawancin lasifikokin haya ba sa iya furta ta, sai dai ka ji iska na bugawa. Ga ƙarin nauyi, ga tsadar tsirkiya, ga wahalar samun ta idan ta tsinke a garin da ba Legas ko Abuja ba. Mai kiɗan biki da rege da hailaif, huɗu ta ishe shi har ya tsufa.

Yawancinmu na hannu muke saye, kuma ba abin kunya ba ne, sai dai a buɗe ido. Ɗaga jitar ka sa ido ta gindinta ka hango wuyan kamar mai duba ko katako ya miƙe. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne. Idan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta ko nawa aka rage maka. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ka ce a juya ta kaɗan a gabanka. Idan kan ya cinye ko ta ƙi motsi, wannan jita ba ta da gyara mai sauƙi, kuma a ƙasarmu dole za ka buƙaci gyaran, domin katako na shan ruwa da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi. Da hunturu ne za ka shafa gefen wuya ka ji bakin ƙarafuna na yagar hannu, saboda katakon ya tsuke ya bar su a waje. Wannan ana gogewa, ba ya hana ciniki, amma dalili ne na neman ragi. Bayan haka ka danna kowane gurbi a kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa, ka murɗa kowane maɓalli ka saurari ƙarar yashi, ka girgiza waya a cikin raminta. Sannan ka rataya ta ka tsaya minti goma. Bes kan kai kilo 4, wasu sun fi, kuma wasan biki na iya cin awa huɗu a tsaye.

Amfilifaya ita ce inda mutane suka fi yin asara. Kowa na mafarkin Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da wat 300. Sautinta babu ƙarya. Amma kan kaɗai ya kusa kilo 40, akwatin lasifikarta mai baki takwas ya haura kilo 60, jimilla buhun siminti biyu ke nan. Wa zai hau maka bene da su? Na zamani masu sauƙin nauyi sun sauya lissafin. Fender Rumble 100 mai lasifika inci 12 wajen kilo 10 ce, hannu ɗaya ke ɗaukarta. Rumble 40 ta fi ta sauƙi, ta isa atisaye da ƙaramin ɗaki, amma da zarar mai ganga ya ɗau zafi sai ta nutse. Rumble 500 mai lasifika biyu ta isa kowane biki, sai dai a sani wat 350 take bayarwa ita kaɗai, sai an jona mata ƙarin akwati take kai 500 ɗin. Hartke da Markbass ma suna nan, na farkon ana yawan samunsa na hannu. Kada lambar wat ta ruɗe ka. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne, yawan lasifika da girman akwati sun fi tasiri. Kuma kada ka kuskura ka jona bes a amfilifayar jita ta yau da kullum ka buɗe ƙara, lasifikarta ba a yi ta don wannan girgiza ba, yagewa za ta yi.

Kafin ka biya kuɗin kowace amfilifaya ta gwanjo, juya bayanta ka karanta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230. Na ga wani abokin aikina ya karɓi kyautar da ɗan'uwansa ya aiko masa daga waje, murna ta hana shi dubawa, ya soka a bango. Ƙara ɗaya muka ji sai hayaƙi da ƙauri. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai sauke wuta, wanda shi ma wani nauyin ne da za ka riƙa yawo da shi. A wurin wasa kuwa, ka saba da kashe kayanka duk lokacin da za a sauya daga NEPA zuwa janareta, kuma ka sayi sitabilaiza ko aƙalla soket mai kariya naka na kanka.

Yanzu ga abin da na fi so mai ƙaramin ƙarfi ya ji. A yawancin wuraren da za ka yi wasa, jama'a ba amfilifayarka suke ji ba, manyan lasifikokin mai sauti suke ji. Taka kai kaɗai take yi wa aiki, don ka ji kanka. Abin da ke kai sautinka ga mikisa shi ne DI, ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba. Tech 21 SansAmp Bass Driver shi ne sananne, Behringer BDI21 kuma kwaikwayonsa ne mai arha, jikinsa roba, yana aiki in ba a taka shi da ƙarfi ba. Duba wanda yake da maɓallin da aka rubuta wa Ground Lift, shi ne ke kashe ƙugin da ke tasowa idan kayanka da na mai sauti suna kan layin wuta daban-daban. Rumble 40 zuwa sama suna da mafitar da ke yin wannan aiki a bayansu. Na sha zuwa wasa da jita a baya da DI a aljihun jaka, a kan acaɓa, aka tashi lafiya. Idan kuɗinka bai kai na amfilifaya mai kyau ba, sayi DI tukuna ka ci gaba da tari.

Tsirkiya iri biyu ce. Mai kaushi, wadda Rotosound na Ingila ya yayata a shekarun 1960, tana da haske da kaifi, amma gumi da ƙura na kashe ta cikin 'yan watanni, musamman ga mai kiɗa a waje a watan Afrilu. Mai santsi sautinta a dushe yake tun farko, ta fi tsada, amma tana shekaru a jiki, an ce Jamerson ba ya canja tasa sai ta tsinke. Ga mai rege ko wanda ke son sauti mai kama da na garaya, mai santsi ta fi riba nesa ba kusa ba. Kaurin da aka fi amfani da shi 45 zuwa 105 ne, fara da shi. Tsohuwar dabarar tafasa tsirkiya a ruwa tana dawo da haske na ɗan lokaci, mako ɗaya ko biyu, daga nan sai ta koma gidan jiya. Goge ta da ƙyalle bayan kowane wasa ya fi wannan amfani.

Waya biyu za ka saya, ba ɗaya ba, masu kai na ƙarfe da ake kwancewa a yi musu dalma. Madauri mai faɗi saboda kafaɗa. Jaka mai soso mai kauri, domin akwatin katako ba ya shiga keke idan mai ganga ya riga ka loda nasa. Ƙaramar na'urar saiti ta maƙalawa a kan jita. Kuma kada ka bar jita a but ɗin mota da rana, ko na awa ɗaya ne.

Ranar da za ka je saye, ko Alaba ce a Legas ko shagon garinku, tafi da wayar jona jita taka da wanda ya fi ka sanin jita. Mai shago zai jona maka a babbar amfilifayar da ta fi kowacce tsada a wurin. Ka ce ya cire, ya sa a irin wadda kuɗinka zai iya saye.