Tsohon da ke wanke mini rigar saƙi a Marina

Rigar saƙi ɗaya gare ni, kuma ba ni na saya ba. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, ita ta faɗo mini a rabon gado. Saƙar hannu ce, siriri-siriri aka saƙa ta aka harhaɗa da allura, ga aikin ado na aska takwas a ƙirji da zaren tsamiya. Sau biyu ko uku nake saka ta a shekara, Sallah da ɗaurin auren dangi.

Bara bayan Babbar Sallah na kai ta wani shagon wanki na zamani, irin masu inji da leda da rasit. Ba zan kira suna ba. Da na karɓo ta, farin da ke cikin saƙar ya sha shuni ya koma toka-toka, aikin wuyan ya tattare kamar an ja zare, gefen hannun dama kuma ɗinki ya buɗe. Yaron shagon ya ce ai tsufa ne. Na yi shiru na fito.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijo a wajen Marina, a Sakkwato. Ba shago ba ne a yadda muka saba, zaure ne da rumfa, da gungumen bugu a ƙasa, da kawunan katako na wankin hula jere a rana. Na gaishe shi na miƙa rigar. Ya warware ta a kan tabarma, ya juya cikinta, ya shinshina, sannan ya ɗago kai.

"Wa yaw wanke rigag ga?"

Na faɗa masa.

"Yaro, omo da ruwan zahi sunka sa mata. Rigar babanka ta?"

Na ce e, Baba. Bai ƙara magana ba sai da ya gama bin ɗinkin da yatsa.

Na nemi izinin tsayawa in ga yadda yake yi, ya ce in dawo da hantsi. Abin da na gani ba shi da wata hikima ɓoyayya, haƙuri ne kawai. Ruwan sanyi daga randa, sabulu ɗan kaɗan da ya narkar a wani kwano daban, ba ya goga shi a jikin tufa. Ba ya jiƙa riga ya tafi sabgarsa, domin shuni a bayan zare yake zama, ba ya shiga ciki kamar rinin bature, da ta daɗe a ruwa sai ya saki ya bi farin. Wuya da hammata, inda zufa da turare ke taruwa, su kaɗai ya murza, shi ma da tafin hannu. Wurin askar bai cuɗa ba sam, dannawa yake yi yana saki. Ya ce tsamiya siliki ce, ba ta shiri da kanwa ko bilic, kuma ruwan zafi na sa auduga ta tsuke ta bar zaren aikin, shi ya sa wuyan ya tattare.

Matsa ma ba ya yi irin ta murɗawa. Naɗe ta ya yi cikin wani tsohon zane ya danne, sannan ya shimfiɗa ta a inuwa, ciki a waje. Duk wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afirilu ya san dalili. Igiya kuwa ya ce babbar riga jiƙaƙƙiya nauyi gare ta, in ka rataya ta da kanta za ta yage ɗinkinta.

Dutsen guga bai taɓa ta ba. Da ta sha iska, ya yayyafa ruwa, ya ninke, almajiransa biyu suka buge ta a kan gungume har ta kwanta ta yi sheƙi. Ɗinkin hannun ma ya sa an mayar da allura, bai ƙara mini ko sisi a kansa ba. Tokar da farin ya yi ba ta fita duka ba, kuma tun ranar farko ya gaya mini ba za ta fita ba.

Aibinsa shi ne lokaci. Ya ce kwana huɗu, sai da na yi sawu uku, ranar ta tara na karɓa. Ba rasit, ba alama, a ka yake riƙe kayan kowa, abin da har yanzu ke ɗan tsorata ni. Wayarsa kullum tana hannun jika. Kuɗinsa kuma ya kusa ninka na wankin shadda sau uku, ba ya ragi. In shadda ce ko yadin zuwa ofis, kada ka wahalar da kanka, kai wa mai guga na unguwarku. In kuwa saƙi ce, ko tsamiya, ko hula kube mai aikin hannu, can zan tura ka, amma ka kai da sauran mako biyu kafin Sallah.

Da zan tafi ya hana ni ledar da na zo da ita. Ya ce in naɗe rigar a farin ƙyalle, in sa kafur a kusurwar akwati saboda asu, kada ya taɓa zaren, kuma in riƙa fito da ita tana shan iska bayan damina. Hulunana biyu suna wurinsa yanzu, yau kwana shida.