Na yi gwajin DNA na layin uba, ga yadda ta kaya

Toh jama'a sakamakon nan dai ya fito bayan kusan wata uku ina leƙa imel kamar mai jiran albashi. Tun muna yara Baffa yake ce mana kakanninmu daga gabas suka zo, yau ya ce Yaman gobe ya ce Misra, ya danganta da wanda ke zaune a tabarmar, shi ya sa da ƙanina zai dawo hutu daga Ingila na ce ya taho min da kwalin gwajin wani kamfani na Amurka, don aikowa Kano kai tsaye kuɗin ya kusa kai na gwajin kansa.

Ba jini ake ɗiba ba fa. Tsinke ne guda biyu masu auduga a kai, ka goga cikin kumatunka sosai ka jefa a 'yar kwalba. Sun ce kar a ci komai kafin a yi, ni kuma na manta na tauna goro, dole na bari sai washegari da asuba. Abin da suke dubawa ƙwayar gado ce mai suna Y, namiji ne kaɗai ke da ita, daga uba take zuwa ga ɗa, shi ya sa da Yaya Hajiya ta ce ita ma za ta yi na ce ta riƙe kuɗinta, nawa ya wadace mu tunda ubanmu ɗaya.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ƙaramin gwajin na fara saya, sai kawai suka rubuto min R1b, wai sunan layin ubana ke nan, da taswira cike da Ingila da Faransa da Sifen. Wlh sai da gabana ya faɗi, na ce ni da baƙar fatata ina ni ina Bature?? Babu wani bayani, sai tallan in ƙara kuɗi a zurfafa. Na ƙara ɗin dai ina ƙunƙuni, sannan ya fito R-V88, wato wani reshe na R1b ɗin.

Nan ne abin ya yi daɗi gaskiya. Ashe R1b ɗin da ya cika Turai ta yamma wani reshe ne daban mai suna M269, namu kuma V88 wajen tafkin Chadi ya fi yawa. Wani masani ɗan Italiya, Fulvio Cruciani, shi da abokan aikinsa suka fito da bayaninsa a 2010, suka samu yana da yawa cikin masu yarukan da ke dangi da Hausa, a tsaunukan Mandara na arewacin Kamaru ma akwai ƙabilar Uldeme da sama da kashi 90 cikin 100 na mazan da aka gwada suke ɗauke da shi, da Mafa da Mada su ma sosai. Akwai shi cikin Hausawan Najeriya da na Sudan, amma ba kowane Bahaushe ba, da yawa wani layin daban suke mai suna E. Abin mamakin kuma tsofaffin ƙasusuwan da aka samu da V88 a Turai suke, gefen kogin Danub tsakanin Sabiya da Romaniya, da wani kogo a Sifen mai kimanin shekara 7,000, har yau ma ana samun kaɗan a tsibirin Sadiniya na Italiya. Wato wasu masana na ganin mutanen sun shigo Afirka ne lokacin Sahara tana da ruwa da ciyawa, tafkin Chadi kamar teku, kafin ta bushe wajen shekara 5,000 da suka wuce.

Ɓangaren nemo 'yan uwa kam sifili ne. Mutum huɗu kacal suka nuna min, duk na nesa, saboda namu ba su cika yin gwajin ba. Kuma layi ɗaya tak ake bi, uban uban ubanka, dangin uwa ko ƙyallinsu ba za ka gani ba. In za ka yi ka sayi babban tun farko, kuma don Allah kar ka ja ɗan baffanka ku yi tare in gidanku akwai rikicin gado.

Na kai wa Baffa bayanin, yana ta gyaɗa kai bai ce komai ba har na zo wajen cewa ana samun V88 a Siwa. Ya ce Siwa ɗin a ina take, na ce Misra Baffa. Ya gyara zama ya ce to da me nake gaya muku?