Rumfar Inna a kan hanyar Wurno

Sana'ar albasa ce ta saba mini da hanyar Wurno. Nakan bar Sakkwato bayan asuba, in sayi albasa da tafarnuwa a hannun manoma, in juyo kafin magariba. Shekara 3 ke nan ina wannan zirga-zirga, kuma kusan kullum a wuri ɗaya nake cin abincin rana: wata rumfar zana a gindin tsamiya, inda wata dattijuwa da kowa ke kira Inna take girki tare da 'ya'yanta mata biyu. Babu allo, babu suna. Direbobi ne suka nuna mini.

Zuwana na farko raina ya ɗan ɓaci. Cikin hunturu ne, na nemi tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa. Inna ta dube ni ta ce, "Ɗana, sanyi ya hana kuɓewa. Abin da gona ta ba mu shi muka dahwawa." Na ce ai a kasuwar gari ana samu. Ta ce ita ba ta saye a gari. Haka na karɓi miyar busasshiyar kuɓewa ba da son raina ba.

Lomar farko ce ta rufe mini baki. Kuɓewar ita ta yanka ta da damina, ta shanya, ta daka. Daddawar ta kalwa ce, wata maƙwabciyarta ke yi. Man shanun kuwa daga rugar da ke bayan gari ake kawo shi, yana narkewa a kan tuwo ƙamshinsa ya cika rumfar. Shinkafar 'yar fadama ce, wadda mijinta ke nomawa, shi ya sa tuwon yake da danƙo da wani garɗi da ban taɓa ji a shinkafar kanti ba. Na cinye na nemi ƙari.

Tun daga nan nake gane lokaci ta kwanon Inna. Da damina akwai ɗanyar kuɓewar da na nema, da miyar sure, da kwaɗon tafasa da na rama wanda aka yi da ƙuli-ƙuli. In kaka ta yi, sai tuwon sabon gero da miyar taushe ta kabushi, ga sabon wake. Da sanyi, lokacin da masu noman rani ke ban ruwa daga Gulbin Rima, ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo, tumatir da attaruhu da albasa suna yin araha, sai ta koma dafa-duka da miyar ja. Bazara kuwa, da zafin nan namu na Sakkwato, tukunyarta kan ragu, mutane su fi neman hura da nono. Hurar a gabanka ake dama ta cikin ƙwarya, da ludayin duma, nonon na safiyar ranar.

Kifi sa'a ne. Idan masunta sun kawo tarwaɗa ko karfasa, za ka ci. Idan ba su kawo ba, kada ma ka tambaya. Ba ta ajiye na ƙanƙara.

Akwai abin da ke damuna, kuma na faɗa mata. Abinci yana ƙarewa da wuri. Ka wuce ƙarfe 2 na rana, ƙanzo kaɗai za ka tarar. Benci biyu ne kacal, saura sai tabarma, kuma ranar kasuwa kana iya jira har ka gaji. Ba ta karɓar tiransifa, sai tsabar kuɗi. Ruwan wanke hannu ma ya kamata a riƙa sauya shi akai-akai, wannan kam ban yi shiru a kai ba, kuma zuwana na baya na ga an sa buta da sabulu.

Kuɗin kuwa, abin da nake biya a nan har da hura bai kai na faranti ɗaya a cikin gari ba.

Satin da ya wuce na kai mahaifina, bayan mun ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno. Ya daɗe yana cewa tuwon yanzu ba ya da ɗanɗano. Ya ci tuwon dawa da miyar kuka bai ce uffan ba, da ya gama ya tambayi Inna ko dawar kaura ce. Ta ce ita ce, daga rumbunsu. Ya sa na sayi kwano biyu na garin, muka taho da shi gida.