Jaket ɗin gwanjo da nake zuwa kallon tsuntsaye da shi a Dagona

Duk wanda zai sayi rigar sanyi don zuwa kallon tsuntsaye ko namun daji, kafin ma ya tambayi kuɗi ya fara kai hannun rigar saitin kunnensa ya murza. In ta yi ƙara, ajiye musu kayansu kawai. Da wannan gwajin na zaɓi jaket ɗin da nake sawa yanzu, na gwanjo ne, a Ƙofar Wambai na same shi ranar da aka buɗe dila, kuma ya sha hunturu a jikina sosai don haka na san halinsa ciki da waje.

Sunan kamfani babu, an yanke, amma ɗan ƙyallen da ke ciki yana nan, ya ce 65 cikin ɗari foliyesta 35 auduga. Irin wanda maharban Turai ke sawa ne. Bayansa ba ya sheƙi ko kaɗan, yana da ɗan gashi-gashi mai laushi, kalarsa kore mai duhu da ya koɗe ya fara komawa ruwan ƙasa. A ciki akwai wata riga mai taushi da ake cirewa da zif, ita ce ma rabin amfaninsa, zan zo kanta.

Inda na fi sa shi Dagona ne, a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Wanda bai sani ba, wurin yana ƙarƙashin gandun dajin gwamnatin tarayya na yankin Tafkin Chadi, a 2008 aka sa tafkin Dagona cikin jerin dausayoyin Ramsar, wato waɗanda duniya ta amince da muhimmancinsu, kuma tun 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo ya gani da idonsa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suna sauka a nan su haɗu da namu na gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Matsalar ita ce lokacin da suka fi kyan kallo shi ne lokacin da sanyi ya fi cizo, daga an idar da Asuba zuwa hantsi, Disamba da Janairu yakan sauka wajen 12 ko 13 a ma'auni, ga iska tana bugowa daga kan ruwa, in kuma a kwalekwale kake to sai dai haƙuri.

Kafin wannan ina da wani mai kumbura mai sheƙi, irin wanda ake ratayewa a bakin titi da zarar sanyi ya shigo. Ɗumi kam yana da shi ba ƙarya. Amma ka ɗaga madubin hangen nesa shuu, ka sauke shuu, ka juya wuya shuu, kamar kana sanye da leda. Mutane suna ɗauka illar ƙarar ita ce korar tsuntsu, e tana yi, musamman in akwai zakaran ƙeƙuwa a kusa, shi da ya tsorata sai ya tashi yana kwarmato ya sanar da duk bakin ruwan cewa ga mutum nan. Amma ni a ganina babbar illar a kunnenka take. Tsuntsu ya fi lura da motsi da inuwar mutum a tsaye, kai kuwa da kunne kake fara gano shi. Kirinjijiya tun suna nesa kake jin fitonsu kafin su bayyana ta saman kacalla, in hular jaket tana goga maka kunne wallahi sai sun wuce ka gansu ta baya. Da wannan na yanzu hula a kai nake jin komai, har ƙarar filafilin masunci a ɗaya gaɓar. Nan ne ya ci kuɗinsa.

Ba haka ya zo cikakke ba sai da na yi masa gyara. A wuyan hannu akwai mannen nan mai yin kyarrr in an ɓalle, na kai wa tela ya cire ya sa maɓalli. Kan zif ɗin ƙarfe ne yana bugun madubi yana ƙyal ƙyal a ƙirji, shi kuma zare na naɗe shi da shi, shi kenan ya yi shiru. Hannun ma ya ɗan yi min tsawo, an rage.

Aljihu kuwa sai wanda ya gani. Biyu a ƙirji a karkace na ɗumama hannu, waɗannan na fi so don yatsu ne ke fara daskarewa in kana riƙe da madubi. Biyu manya a ƙasa, littafin rubutu da biro da dabino suna shiga har da sarari. Sai wani ƙato a baya wanda su maharban ke jefa abin da suka harbo, ni filas ɗin shayi nake sawa, in rana ta ɗaga kuma na cire rigar ciki na naɗe na tura ta nan. Wannan cirewar dole ce a wajenmu, domin ƙarfe sha ɗaya na yi zafi ya doshi 30, wanda ya sayi jaket mai kauri falle ɗaya zai ƙare da rungumarsa a hammata yana gumi. Na wajen shi kaɗai yana tare iska da ƙura ba tare da ya dafa ka ba.

To ga inda yake ba ni haushi. Ƙarangiya. Laushin nan da ya hana shi ƙara shi ne ke kwasar ta, ka ratsa ciyawa ko ka zauna a ƙasa sai ka tashi gefen riga da hannu sun cika fal, ka dawo masauki kana cira ɗaya bayan ɗaya tana sokar yatsa, tsohon mai sheƙin nan ko ɗaya ba ta kama shi. Da tsohon mataji nake kankarewa yanzu, ya fi sauri. Yana kuma riƙe ƙurar hunturu, kullum sai an kakkaɓe, yana da ɗan nauyi, kuma in ruwa ya fantsamo a kwalekwale yana sha ya daɗe bai bushe ba. Warin dila ma sai da aka wanke aka shanya a inuwa kwana da kwanaki kafin ya tafi. Kar a sa masa turare ko sabulu mai ƙamshi in za a je wurin dabbobi irin Yankari, su hanci suke aiki da shi.

Maganar kala, don Allah kar kyan zane ya ja ka ka ɗauki mai kama da kakin soja. Suna fitowa da yawa a dilar maharba kuma masu sayarwa za su ce maka shi ne daidai daji, amma farar hula ba a yarda ya sa ba, hanyar Yobe kuma shingen bincike ne a gaba a gaba, ba ka so a sauke ka daga mota kana bayanin tsuntsu. Kore mara zane ko ruwan ƙasa ko ruwan toka sun wadatar. Fari yana haskawa daga nesa. Shuɗi da baƙi kuma su ƙudan tsando ke bi, wanda zai shiga Yankari ya kiyaye.

Kuɗinsa bai kai na yadi biyar na shadda matsakaiciya ba, kuma na saya tun sanyi bai shigo ba, da ka bari Disamba ta kama 'yan gwanjo sun san kana buƙata, taya ma sai a hankali. Ka ɗaga shi a rana ka duba huda, ka leƙa ɗinkin hammata, ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Sannan ka gwada shi a kan kayan da za ka sa a ciki, ka tsuguna, ka ɗaga hannu biyu saitin ido, in bayan ya ɗage ƙugu ya fito ya yi maka kaɗan, nemi na gaba da shi.